Yankan Ƙarshe a Shagon Baba Kabaid

"Fau!" Wutar tocin yankan ƙarfe ta buga kamar an harba bindiga. Mai Girki ya yi tsalle da baya, ya taka tiyo, saura ƙiris ya zauna cikin bokitin ruwa. Ya shafa fuska ya ji ƙaurin gashi, ashe rabin girarsa ta hagu ta tafi.

Daga ɗakin da ke bayan shagon wata murya ta fito, a dishe, amma da sauran ƙarfin faɗa a cikinta.

"Na ji! Wallahi na ji! Cewa na yi ka matso da bakin tocin, ban ce ka dangwala shi a jikin ƙarfen ba!"

"Baba, ɗazu kai ka ce na yi nisa."

"Ɗazu ka yi nisa, yanzu ka yi kusa. A tsakani akwai wuri, shi ake kira sana'a."

Mai muryar shi ne Baba Kabaid, mai shagon, wanda likita ya sallamo daga asibiti ya ce a kai shi gida a riƙa ba shi duk abin da ransa ke so. Da Inna, matarsa, ta tambaye shi abin da ransa ke so, bai ce nama ba, bai ce madara ba. Cewa ya yi a buɗe masa ƙofar da ke tsakanin ɗakinsa da shago, don ya riƙa jin wanda zai ɓata masa aiki.

Shagunansu biyu, nasa da na Mai Girki, a jere suke, kwano ɗaya ya raba su, sana'arsu kuma ɗaya: yankan ƙarfe da walda, ƙofofi, tagogi, ƙafafun tankin ruwa. Duk mai yanka ƙarfe da wuta tukunya biyu yake jinginawa a bango, ɗaya ta oksijin, ɗaya ta iskar da za ta kama wuta. A kan ta oksijin babu gardama, a kan ta biyun ake ɓatawa. Baba mutumin kabaid ne, waɗannan duwatsu masu launin toka da ake jefawa cikin tukunyar ruwa su yi ta tafasa suna ba da iska mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Da ita ya tashi, da ita ya aurar da 'ya'yansa, kuma ko a gidan biki ya zauna sai a gane kujerarsa da hanci.

Shi kuwa maƙwabcin ya zo layin yana matashi, tun kafin a zuba kwalta, ya sauke kayansa daga mota, a ciki har da tukunyar gas irin wadda mata ke girki da ita. Baba ya leƙo, ya dubi tukunyar, ya dubi mai ita, ya ce, "Sannu da zuwa. Yau me za a dafa mana?" Shi ke nan suna ya zauna daram. Yaransa suka zama 'ya'yan Mai Girki a makaranta. Har wata mata ta taɓa zuwa daga wata unguwa tana neman ya yi mata abincin taro, aka nuno mata shi yana tsugune da baƙin tabarau yana yanka ƙafar tanki.

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa gwada gas ɗin. Ya karɓi tocin, ya manna ɗan farin harshen wutar a jikin ƙarfe yadda ya saba da kabaid, ya jira, ƙarfen bai yi ja ba, ya miƙa wa mai shi abinsa ya ce, "Sanyi gare ta." Mai Girki ya buɗe baki zai yi bayani cewa zafin wannan wutar ba a farin harshen ciki yake ba, a na waje yake, sai an ɗan ɗaga ta kamar faɗin yatsa, sannan a yi mata haƙuri. Kafin ya haɗa maganar Baba ya koma shagonsa. Bayanin nan ya tsaya masa a maƙogwaro har gashin kansa ya yi fari. Ya gina gida da gas ɗin nan, ya yanka farantan ƙarfen da suka fi tafin hannu kauri, amma abu ɗaya yake so a duniya wanda bai samu ba: Baba Kabaid ya ce da bakinsa gas ɗin girki yana yanka ƙarfe. Yanzu ga Baba a kwance, ƙafafu sun kumbura, kowa a layin yana rage murya in ya zo wucewa. Mai Girki yana jin kunyar abin da ke ransa, amma kunyar ba ta hana shi so ba.

Abin da ya shigo da shi shagon abokin gardamarsa kuwa, farantin mai burodi ne. Kafin ciwo ya kayar da Baba ya karɓi aikin ƙofar tanderun gasa burodi, mai burodin ya kawo farantin ƙarfe mai kaurin yatsa biyu, guda ɗaya tilo, Baba ya ja layi da alli, washegari aka kwashe shi zuwa asibiti. Da ya dawo aka ce a mayar wa mutum kayansa ya kai wani wuri. Baba ya ce tun da ya buɗe shago aiki bai taɓa fita daga cikinsa ba a gama ba, kuma ba a kan gadon mutuwa zai fara ba. Sai Inna ta yafa mayafi ta zagaya ta sami Mai Girki.

"Maƙwabci, ka taimake ni ka yanka masa abin nan, ko na samu ya yi barci."

"Inna, ai ko yanzu. A turo min shi nan."

"Wai a shagonsa za a yi, kuma da wutarsa. Ya ce in tukunyarka ta tsallako ƙofar nan bai yafe ba."

Shi ya sa yau yake tsaye da tocin wani a hannu da rabin gira, yana gwaji a kan wani guntun ƙarfe kafin ya taɓa farantin mutane. Ya sake kunnawa. Wutar kabaid ba ta da haƙuri, kafin ka ce me ta narkar da gefen sama, shi kuma hannunsa ya saba da tafiyar gas mai natsuwa. Da guntun ya faɗi, bakin yankan ya fito da tudu da kwari, kashin ƙarfe ya daskare a ƙasansa. Inna ta tsoma shi a ruwa ta kai ɗaki, don idanun Baba sun daɗe da dushewa saboda hasken walda, da babban yatsa yake duba aiki.

Sannan muryar ta fito.

"Inna, ɓera ne ya yi wannan ko mutum?"

Daidai nan mai burodi ya iso da garin fulawa har a kunne. Ya dubi guntun da Inna ta dawo da shi, ya dubi girar Mai Girki, ya dubi farantinsa da ke kwance a kan bulo.

"Jama'a, ku yi min rai. Da tsohon kwano nake toshe tanderun nan, rabin burodina ɗanye yake fitowa, rabi gawayi. In abin ba zai yiwu ba, in kira mai kura ya ɗauka."

"Ba inda za shi!" in ji ɗakin.

Mai Girki ya kashe tocin ya shiga. Rabonsa da ganin Baba tun ranar da aka dawo da shi, muryarsa kawai yake ji, muryar kuma ta ruɗe shi. Mutumin da yake ɗaga tukunyar oksijin shi kaɗai ya koma ɗan mitsitsi a tsakiyar gadon ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, wuya ya zama kamar na kaza, sai ƙafafu manya a kan matashi. Kwalaben magani sun cika kan taga. Duk faɗan da Mai Girki ya shigo da shi sai ya nemi ya zube, ya yi maza ya tattaro shi, don ya san in ya yi magana da taushi Baba zai gane an fara yi masa kallon gawa.

"Baba, tsakani da Allah, in na sa wutarka a farantin nan zan ɓata shi. Ka bar ni in kawo tawa. Faranti mai kauri irin wannan ai abincinta ne, za ka ga bakin ya fito sumul."

"Ka ji ko, abinci. Kullum maganarka ba ta wuce abinci."

"Kabaid ɗinka ma da wari da baƙin hayaƙi, ga tsada, ga bugawa kamar bindiga."

"Wutar maza ke nan. Taka tana iya walda? Kawo ƙarfe biyu ka haɗa min da ita in gani."

"Ba walda ake magana ba, yanka ake magana!"

"Malam," Inna ta ce daga bakin ƙofa, "likita ya ce ban da hayaniya."

"Likita bai san wannan mutumin ba. Ku ɗauke ni ku kai ni shago, ni zan yanka abina."

An yi magiya, an haɗa shi da Allah, bai ji ba. Ƙarshe Mai Girki da mai burodi suka ɗora shi a kujerar roba suka ɗauko, yana ba su umarni a kan hanya kamar direban babbar mota, a yi dama, a kula da dokin ƙofa. Suka ajiye shi gaban farantin. Inna ta jiƙa buhu ta rufe masa ƙafafu saboda tartsatsi, tana yi tana mita. Aka sa masa baƙin tabarau, aka miƙa masa tocin.

Abin mamaki, yatsun ba su manta komai ba. Ya murɗa, ya ƙyasta ashana, jar wuta ta tashi da baƙin hayaƙi, 'yan ɓurɓushin baƙi suka yi ta yawo a iska suna sauka a farar rigar mai burodi. Ya ƙara oksijin sannu sannu har wutar ta tsuke ta zama shuɗiya da ɗan farin harshe mai tsini, tana huci. Mai Girki, duk da ƙiyayyarsa da kabaid, sai da ya ji a ransa bai taɓa ganin wuta mai kyau irin wannan ba.

Sai Baba ya miƙa hannu kan layin allin, hannun ya ƙi. Wutar ta yi dama, ta yi hagu, ta zagaya layin kamar mai neman abin da ya faɗi. Ya tallafe da ɗaya hannun, duka biyun suka kama rawa tare. Ya ja numfashi ya sake gwadawa, bakin tocin ya ƙwanƙwasa farantin. Baba ya murɗe wutar da kansa, ya ɗora tocin a cinya, ya zauna yana kallon layin da ya ja da hannun nan lokacin da hannun yake nasa. Tausayi ya kama Mai Girki har ya rasa inda zai sa idonsa, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige da bai ga wannan ba.

Can Baba ya yi gyaran murya.

"Kai. Je ka ɗauko tukunyar miyar taka."

"Baba?"

"Kurma ne kai? Amma ni zan riƙe. Kai dai ka dafa min hannu."

Mai Girki ya fita da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Ya gangaro da tukunyar gas ɗin a kan gindinta, tiyo a wuya, tocinsa a hammata. Layin kuwa kafin ya kai ƙofar Baba labari ya riga shi. Mai faci ya bar taya a cikin ruwa, tela ya fito da awo a wuya, mai kanti ya rufe aljihun teburinsa ya taho. Duk wanda ya girma a layin nan ya san tukunyar can ba ta taɓa tsallaka wannan ƙofa ba, suka tsaya cirko cirko kamar an kawo amarya.

Ya haɗa, ya kunna, ya daidaita, ya sa tocin a hannun Baba, ya tsuguna a gefensa ya rufe hannun da nasa. Hannun ba nauyi, sai sanyi da ƙashi. Suka kai wutar gefen farantin. Nan take Baba ya danna ƙasa. Mai Girki ya ɗaga sama. Baba ya sake dannawa.

"Baba, ɗaga."

"Ta yi nisa."

"Nan ne wurinta. Zafinta a harshen waje yake, ba a na ciki ba. Abin da nake son gaya maka ke nan tun ranar da ka ce sanyi gare ta!"

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ka tsaya ne?"

Tsofaffi biyu suna kokawa a kan faɗin yatsa ɗaya, gumi na zuba, tela yana dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar hannun Baba ya saki ya bar wutar inda aka ajiye ta. Suka jira.

"In kai yara makaranta in dawo?" in ji Baba.

"Haƙuri dai."

"Inna, kawo min matashi, zan ɗan runtsa kafin ta yi zafi."

Gefen ƙarfen ya yi duhu, ya yi ja, ya koma ja mai haske. Mai Girki ya ji babban yatsan Baba ya riga shi zuwa kan madannin oksijin. Ya danna. Tartsatsi ya zubo ƙasa kamar ruwan famfo, wutar ta huda farantin ta kama layin allin. Daga nan ba wanda ya ja wani. Baba ne ya san saurin, Mai Girki ne ya riƙe tsayin, rawar hannun kuma ta ɓace a tsakaninsu. Suka bi layin har ƙarshe, guntun gefen ya faɗi ƙasa, tim.

Mai burodi ya yi kabbara. Inna ta ɗauki guntun da filaya ta tsoma a bokiti, ya yi cuu, ta goge da gefen zaninta ta sa wa mijinta a hannu. Baba ya bi bakin yankan da babban yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya juya shi, ya sake bi. Sumul yake, gefen sama da kaifinsa, ƙasa ba kashin ƙarfe sai ɗan abin da farce zai ɓanɓare. Mai Girki yana tsugune kamar yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa.

"To, Baba?"

"To me?"

"Ya yanka ko bai yanka ba?"

Baba ya cire tabarau ya miƙa wa Inna.

"Ai ba gas ɗinka ne ya yanka ba. Oksijin ne. Gas ɗumama ƙarfe kawai yake yi, kowane ɗan koyo ya san wannan."

Layin ya fashe da dariya. Mai Girki ya miƙe tsaye.

"To ai kabaid ɗin ma ɗumamawa yake yi! Shi ma oksijin ne ke yanka masa!"

"Wannan daban."

"Ina bambancin?"

"Na gaji. Ku mayar da ni ɗaki." Da suka ɗaga kujerar, Inna ta kai hannu za ta karɓi guntun, ya maƙale shi a ƙirji. "Bar min shi. Ban yarda da shi ba tukuna."

Mai Girki ya gama sauran ɓangarorin shi kaɗai, ya sa maratayi da sakata, mai burodi ya kira mai kura ya tafi da ƙofarsa yana sa albarka. Shi kuwa ya koma gida yana huci. Matarsa ta ce ya ji tsoron Allah, mutum na kan gargara shi yana neman a ba shi gaskiya a kan tukunyar gas. Ya ce ba ta gane ba ne. Washegari ya shiga gaida Baba da lemo a leda, ya zauna a bakin gado, ya yi ta kewaye kewaye, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafa, sannan ya ce, "Baba, maganar jiya fa." Nan take Baba ya fara minshari, ido ɗaya a ɗan buɗe. Mai Girki ya zauna yana kallonsa, haushi da dariya suka haɗu suka kama shi, ya tashi ya fita.

Bayan kwana biyu, da hantsi, yana cikin jawo tiyo zai fara aiki, ya ji Inna ta ƙwanƙwasa kwanon da ya raba shagunan. Ba ta taɓa yin haka ba. Ya ajiye tiyon ya zagaya.

Tana tsaye a ƙofar ɗakin, mayafi a baki, idanu jajur.

"Maƙwabci, Malam ya tafi. Yanzun nan, ina juya masa matashi."

Ya yi salati, ya shiga. An rufe Baba da zane har ƙirji, fuskar ta kwanta, bakin da bai taɓa rasa amsa ba ya yi shiru. Mai Girki ya durƙusa ya yi masa addu'a, hawaye na bin gefen hancinsa, bai damu ya share ba. Da ya kama hannun zai miƙar da shi, ya ji abu mai tauri a ƙarƙashin zanen. Guntun farantin ne. Babban yatsan yana kan bakin yankan, cikinsa ya yi baƙi ƙirin da shafa.

"Tun ranar bai ajiye shi ba," in ji Inna. "Ko magani zan ba shi sai dai ya karɓa da hagu. Na ce Malam, me kake nema a jikin ƙarfen nan? Ya ce aibu yake nema."

Mai Girki ya ɗago ya dube ta.

"Ya samu?"

"Da safen nan na tambaye shi. Ya ce bai gama dubawa ba."

A waje an fara jin takun mutane da sallama ƙasa ƙasa. Mai Girki ya riga ya zare guntun, yana riƙe da shi, da sauran ɗumin hannun a jikinsa. Ya dube shi, ya dubi Baba. Sai ya mayar da shi a hankali ƙarƙashin tafin, ya ɗora babban yatsan a inda ya same shi, ya ja zanen ya rufe.